Gurasar Toka

Bana an sare itatuwan dakwarar da ke bayan tsohuwar rijiya, wai hanyar mota ce za ta bi ta nan. Ina zaune ƙofar ɗaki nake jin gatari yana ta faɗi tun hantsi, har na kasa shanye furar da jikanyata ta dama mani. Da maraice kuma sai ga ta da wani abu dogo, fari fat a ciki, ta ce burodi ne, wani baƙo ya gina tanda kusa da kasuwa yana gasa shi da garin da ake kawowa cikin buhu daga ƙasar Nasara. Ta ce da tsada, ba kullum ake saye ba, kuma ba ya yiwuwa a gida sai ga mai irin wannan farin garin. Na gutsura na kai baki. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma kamar mutum yana tauna iska. Ina za ta gane cewa kakarta, wadda yanzu sai an ɗaga ta take tashi, ta taɓa gasa gurasa da abin da ko akuya sai ta shinshina sau biyu kafin ta ci?

A lokacin da nake magana, Dakoro ba gari ba ce. Rijiya ce mai zurfi da ƴan gidaje kewaye da darnin kara, sai daji ko ta ina ka juya. Ba mu taɓa ganin Nasara ba, ba kumandan mai mulki, ba lakwal ta karatun boko, ba wanda ya san ƙarar mota. Abin da ke tada mu da asuba shi ne kukan igiyar guga tana goga itacen bakin rijiya, da shanun Fulani suna kiran maruƙansu, sannan taɓare su ɗauka gida gida. Kowace mace ana gane dakanta tun daga nesa. In turmin wani gida ya yi shiru har rana ta ɗaga, ba sai an aiko ba, maƙwabta za su leƙa su ga lafiya. Yanzu mutum sai ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, na jikin katangarshi bai sani ba. Mu kuwa mukan tafi itace tare, mu dawo tare, mu sussuka hatsi muna waƙa muna lugude, yaran goye suna ta rausaya a baya har barci ya kwashe su. Aiki ne mai cin jiki, amma ban tuna ranar da na yi shi ni kaɗai ba.

Ina da ƙuruciya sosai, goyon fari a bayana, ƴa mace da ko zama ba ta fara ba. Gidan namu gandu ɗaya ne. Akwai Inna, uwar maigidana, wadda duk abin da za a ci sai ya bi ta hannunta. Akwai wan maigidana da muke kira Yaya, mutum mai ƙarfi maras yawan magana, wanda matarshi ta rasu wajen haihuwa ta bar mashi ɗiya uku, dukansu a hannuna suke. Inna gajera ce, ba ta da jiki, amma kowace safiya kafin ta gaisa da kowa sai ta zagaya rumbuna ta shafa su da tafin hannu. Takan ce mani, "Ke ɗiyar nan, in za ki ɗebi hatsi ki ɗeba kina tuna bazara." Ina jin maganar kamar mita ce ta tsofaffi, ina amsawa da to.

Sai shekarar fara ta zo. Hatsi ya fid da kai, muna ta murna, wata rana da azahar gabas ta yi duhu kamar hadari. Muka fita da ƙwarya da tulu muna bugawa, muna hayaƙi, muna kururuwa, duk a banza. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar cinsu, ƙus ƙus ƙus, gona guda tana ƙarewa muna tsaye muna kallo. Abin da muka tsinta bayan tashinsu bai kai a kira shi girbi ba. Inna ta zauna ta zaɓe zangarniyoyin da suka fi cika, ta sa aka zuba su cikin ƙaramin rumbun ƙasa, Yaya ya liƙe bakin da laka. Ta ce, "Wannan iri ne. Ko ni na ce a buɗe kafin ruwa, kada a buɗe."

Lokacin sanyi muka lallaɓa da ɗan abin da ya rage da dusa da busasshen ganye. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da zafi ya shigo, maigidana ya haɗa jakunanmu biyu ya bi wasu mutane zuwa kudu neman dawa, hanyar kuwa a zamanin ba ta da aminci, mahara na tare mutane. Ya tafi, shiru, ba shi ba labarinshi. Mu mata muka koma ga karangiya. Yaran yanzu ƙaya kawai suka sani a jikinta, ba su san akwai ƙwaya a ciki ba, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Mu share ta da reshe, mu tara, mu daka, mu sheƙe, ƙaya cike da zane da tafin hannu, yini guda ka samu abin da bai cika ƙoƙo ba. Mukan tona gidan tururuwa mu kwashe tsabar ciyawar da suka ɓoye. Mukan tsinko ɗiyan itacen anza, masu ɗaci kamar maɗaci, mu jiƙa mu zubar, mu jiƙa mu zubar, har ɗacin ya ragu. Matsalar ita ce garin waɗannan abubuwa ba ya tuƙuwa. In na ce tuwo zan yi sai ya tsinke, dole ya koma kunu tsararo. Yara su sha cikinsu ya yi tulu, kafin inuwa ta matsa sun fitsarar da shi sun dawo suna kuka. Ga rijiya ta ja baya, ruwan ma sai an yi rabo.

Wata safiya ina sheƙar karangiya sai na ga Yaya ya fito da fartanya a hannu ya nufi ƙaramin rumbu. Inna ta riga shi, ta jingina bayanta da rumbun.

Ya ce, "Inna, matsa. Yau zan fasa."

Ta ce, "In ka fasa mun cinye, ruwa ya sauka, me za ka zuba cikin rami?"

"In ɗiyan nan suka mutu kafin ruwa, wa zan noma wa? Dubi ƙaraminsu, Inna. Dube shi da kyau. Jiya ko tashi zaune bai yi ba."

Inna ta dubi yaron, ta sunkuyar da kai. Na ga tana neman matsawa. A al'adarmu matar ƙane ba ta tsoma baki gaban wan miji, ko ido ba ma haɗawa. Na juya baya gare shi, na yi magana da Inna. Na ce, "Inna, ki roƙar mani Yaya ya dakata zuwa Juma'a. In ban samo abin da zai riƙe cikin yaran nan ba, ni da kaina zan kama mashi ya fasa."

Yaya ya daɗe tsaye. Can ya jefar da fartanyar gindin rumbu ya fita. Inna ta matso kusa da ni ta rage murya. "Ke ɗiyar nan, me kika taka?"

Na ce, "Ban taka komai ba, Inna. Amma zan nemo."

Abu ɗaya ne a raina. Gabas da rijiya akwai wasu Buzaye da suka sauka da raƙumansu, cikinsu da wata mace tsarata da muka saba a wajen ɗibar ruwa har muna kiran juna ƙawa. Su ma yunwar ta same su, taguwoyin raƙumansu sun ƙafe ba nono, amma na lura ɗiyanta suna wasa, ba sa irin kukan namu. Kuma na taɓa ganinta tana tono wani abu mai faɗi daga cikin rairayi mai zafi tana kakkaɓewa. Na saɓa goyo na tafi. Na tarar da ita ƙarƙashin rumfar fata, hannuwanta duk sun kumbura saboda ƙayar karangiya. Na gaya mata abin da ke tafe da ni, ban ɓoye komai ba.

Ta yi dariya, da Hausarta mai karkace ta ce, "Ƙawa, ku komai sai kun cika shi da ruwa don tukunya ta yi nauyi. Ruwa wucewa yake. Ki ba yaro abin da zai tauna."

Ta ce abar nan da na ga tana tonowa cikin rairayi, su tagalla suke kiranta. Ta jawo wata ƴar jakar fata daga ƙarƙashin shimfiɗa, ta kwance. Garin alkama ne daga Abzin, ɗan kaɗan, tana riƙonshi kamar kwalli. Ta ce ba don ci take zuba shi ba, don ya kama sauran garin ne kawai. Na kwance zanen saƙin da aka kawo ni da shi gidan miji na miƙa mata. Ta ture hannuna. "Zane zan dafa? Dubi hannuna. Ki riƙa daka mani karangiyata, in raba wannan da ke."

A gabana ta yi. Ta hura wuta bisa rairayi mai tsabta da ƙirare da kashin raƙumi. Ta zuba garin karangiya cikin akushi, ta barbaɗa alkama da ƴan yatsu, gishiri kaɗan, ruwa abin da bai fi a kurɓa ba. Ta sa ni na yi ta murzawa har wuyan hannuna ya yi tsami, tana cewa ƙara, ƙara. Da wuta ta zama garwashi ta ture shi gefe, ta yi ɗan gurbi cikin rairayin, ta shimfiɗa ƙullin, ta rufe da rairayi da toka da garwashi. Muka zauna muna hira kamar ba abin da ke ƙasa. Can ta tono ta juya, ta sake rufewa. Da ta ciro ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kara mani a kunne. "Kin ji? In ta amsa haka, ta nuna." Ta kakkaɓe, ta kankare da wuƙa, ta ɓantaro mani. Wallahi tun da fara ta tashi ban sa abin da ya yi kama da abinci a bakina ba sai ranar.

Ta farko da na yi a gida ta ƙone a waje, ciki ɗanye, ga rairayi yana ƙaras ƙaras a haƙori. Babban ɗan Yaya ya tofar. Na ɗebo rairayi mai laushi daga bayan gida na tankaɗe, na rage wuta, na sake. Na ƙara dusa don ta yi auki, na ƙara garin anza, na daka ɓawon goruba na zuba don zaƙinshi ya danne ɗacin. Inna ta karɓa ta juya ta gaba da baya. Ta ce tana yarinya ta taɓa cin gurasa a Katsina, wadda ake mannawa cikin tukunyar wuta, wannan kuwa in gurasa ce to ta toka ce. Sunan da ya bi ta ke nan. Aka raba wa yara, kowa ya samu gefe ya zauna yana gwaguya a hankali, don ba ta haɗiyuwa da gaggawa. Ranar har la'asar ban ji kukan kowa ba. Ƙaramin nan na jiƙa mashi cikin ruwan ɗumi na riƙa tura mashi da yatsa. Juma'a ta zo, Yaya ya ci nashi rabon a tsaye, ya je gindin rumbu ya ɗauke fartanyar ya rataye.

Da a nan abin ya tsaya da na ce mun sha da sauƙi. Amma ciyawa ta ƙare a wajen, Buzaye suka kwashe rumfunansu. Ƙawata ta zazzage mani abin da ya rage cikin jakar, muka rabu a bakin rijiya, ban sake ganinta ba har yau. Na yi ta rage alkamar, ina rage ta, har ranar da na kakkaɓe ƙoƙon babu komai. Na ce bari in gwada haka nan. Da na zo juyawa sai gurasar ta wargaje cikin toka, abincin yini guda, wahalar mace guda tun asuba. Na durƙusa da faifai ina tsince gutsattsari daga garwashi, yatsuna suna ƙuna, yara sun kewaye ni sun zuba ido. Washegari ma haka. Ƙafafun ƙaramin suka fara kumbura. Yaya bai ɗauko fartanya ba wannan karon. Zuwa ya yi ya zauna gindin rumbu ya haɗa kai da gwiwa, tun safe har rana ta faɗi. Wannan zaman ya fi mani fartanyar ciwo.

Na ce wa kaina, alkamar nan ba ita ke ƙosarwa ba, kamawa kawai take. To me Allah ya ajiye a dajin nan mai kamawa? Na gwada kanwa, ba ta yi ba. Na gwada garin kuka, ya ɗan kama ya saki. Ina cikin wannan tunani na je karyo ƙirare wajen dakwarar bayan rijiya, na dafa wani reshe, ƙaro ya manne mani a hannu. Na yi ta murza yatsu ya ƙi fita. Na tsaya ina kallon hannun. Kullum muna ganin yara suna tsotsar ƙaro, ba wanda ya taɓa kawo shi kusa da tukunya. Na bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya ina ɓanɓarowa, ƙaya tana yagar mani dantse, na ƙulle a bakin zane na sheƙo gida.

Na jiƙa shi ya narke, na kwaɓa garin da ruwan. Ta farko na cika hannu, ta fito kamar dutsen niƙa, sai da aka sa taɓarya. Na rage ƙaron, na haɗa da garin yoɗo mai yauƙi, na bar ƙullin rufe cikin ƙwarya tun safe har rana ta karkata, ya ɗan yi tsami ya saki jiki. Na binne shi. Da lokacin juyawa ya yi na sa hannu biyu na ɗago, ta taso gaba ɗayanta, ko gefe bai ɓalle ba. Na ƙwanƙwasa, ta amsa. Inna tana bayana ban sani ba. Ta ce, "Kai wa wancan da ke gindin rumbu, ki ce in ji ni ya tashi haka nan."

Kafin mako ya zagayo matan sauran gidajen sun zo sun gani. Muka raba itatuwan dakwara tsakaninmu, kowane gida da nashi, muna tsaga ɓawon da wuƙa don ƙaro ya tsattsafo. Ba kowa ya tsira ba. Wasu gidajen sun riga sun cinye irinsu, wasu sun tashi sun bi kudu, an kuma kai yara da tsofaffi makwanci fiye da yadda nake son tunawa. A gidanmu ba a fitar da kowa ba. Ƙaramin ɗan Yaya ya tashi, sai dai har ya yi furfura bai yi tsawo ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, Yaya ya hau ya fasa lakar bakin rumbu muna tsaye. Ya zura hannu ya fiddo na sama, lafiya lau. Ya ƙara zurawa, sai fuskarshi ta sauya. Gara ta huda ta ƙasa ta cinye wajen rabi, ta bar ƙasa da ƙaiƙayi. Ya yi wata dariya maras daɗi ya ce, "Mun hana ɗiya, mun ba gara."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Na ɗauka kuka za ta yi. Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu, ta hure, ta duba ƙwayar. Ta ce, "Wanda ya rage mai rai ne. A sussuka. Kai kuma ɗauko sungumi, ƙasa ba za ta jira mu gama baƙin ciki ba."

Muka shuka muna ƙididdige ƙwaya da yatsa uku maimakon cika hannu. Inna ta ɗebi tafi guda guda ta aika wa gidajen da ba su da ko ƙwaya. Ana noman fari maigidana ya dawo, a ƙasa, ya rame kamar kara, da jaki ɗaya da ƴar dawa a taiki. Mahara sun ƙwace ɗayan da kayanshi. Dawar ba mu tuƙa ta ba, cikin gurasa na riƙa sa ta kaɗan kaɗan, da ganyen tafasa a gefe, har hatsi ya nuna. A cikin wannan tsakanin na yaye yarinyata, don nono ya daɗe da ƙafewa.

Damina ta yi kyau. Ranar da muka daka sabon hatsi na farko, turame suka tashi gida gida kamar sallah. Na tuƙa tuwo mai tauri, na kaɗa miyar kuka har da daddawa, muka baje a tsakar gida. Yaran Yaya suka afka wa akushi ba mai ɗaga kai. Na gutsuro loma na kai bakin yarinyata, ta kau da kai. Na sake, ta ture hannuna ta fashe da kuka. Ta zame daga cinyata, ta yi dabo dabo zuwa wurin da nake hura wuta, ta durƙusa ta fara tona toka mai sanyi da hannu biyu.

Maigidana ya ce, "Me take nema cikin toka?"

Inna ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta ce, "Abinci take nema. Wannan da ke gabanmu ba ta san shi ba."

Na tashi na wanke hannu, na ɗebo garin sabon hatsi, tsantsarshi, ba dusa ba anza ba karangiya, na cika ƙoƙo har yana zuba, na hura wuta bisa rairayi. Yarinyar ta share hawaye ta zauna kusa da ni tana jira.